Tambaya Rabin Ilimi: Me Ya Sa Kogi Ke Ambaliya da Damina, Ya Ƙafe da Rani?

Wasiƙun da suka taru a gabana wannan karon kusan duk a kan ruwa suke. Na zaɓi biyar. Zan daɗe a kan ta farko, domin wanda ya fahimci amsarta, sauran ba za su ba shi wuya ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina yaro, kogin da muke noma a bakinsa ba ya yankewa ko a tsakiyar bazara. Yanzu kuwa da an tafka ruwa ɗaya sai ya cika ya tumbatsa, ya ci gonaki, ruwan ja wur. Damina na ɗaukewa, kafin a gama kaka ya koma yashi. Wasu sun ce ruwan sama ne ya ragu, wasu sun ce ƙaruwa ya yi. Wa ke da gaskiya?
Daga wani dattijo manomi

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Masu gardamar nan duk sama suke kallo, ni kuwa abin da ka kwatanta ya fi yi mini kama da ciwon ƙasa.

Abin da ke gudu a kogi ragowa ne. Idan ruwa ya sauka, rabo ake yi. Wani ya maƙale a ganye ya bushe, wani ya shiga ƙasa tsirrai su zuƙe su fitar da shi ta ganyensu, wani ya zarce can ciki ya tarar da ruwan da rijiyoyi ke sha, wani kuma ya malala a bisa ƙasa ya nufi gangare. A lissafin duniya baki ɗaya, kusan kashi 60 cikin 100 na ruwan da ke sauka a tudu komawa sama yake yi ya zama tururi. A wurare masu zafi da ƙarancin ruwa, rabon kogi sau da yawa ba ya wuce kashi 10 cikin 100.

Shi ma ɗan rabon nan ta hanya biyu yake isa. Akwai mai sauri, wanda ke bin saman ƙasa ya kai kogi cikin sa'o'i. Akwai kuma mai tafiyar hankali, wanda ke nitsewa ya yi makonni ko watanni, wani lokaci shekaru, yana tsattsafowa ta gaɓa da ƙarƙashin yashi. Ruwan bazarar da ka sani kana yaro, garai-garai mai sanyi, na daminar da ta wuce ne. Ƙasa a nan rumbu ce: abin da aka zuba mata da damina shi kogi ke ci da rani. In ba a zuba ba, to babu.

Ƙofofin shiga kuwa ƙanana ne, ido ma ba ya kula da su. Ramukan gara da na tana, gurbin saiwar da ta ruɓe, busasshen ganye da ciyawar da ke tare ɗigon ruwa kafin ya daki ƙasa. Idan aka share daji, aka daina barin gona ta huta, aka kwashe kara da harawa ƙaf, dabbobi suka tattake abin da ya rage, ɗigon ruwa zai riƙa dukan ƙasa tsirara. Sai ya farfasa curin ƙasar, laushin ya toshe ƙofofin, rana ta gasa, wurin ya zama faƙo. Daga nan ruwa ba ya tsayawa gaisuwa. Duk abin da ya sauka gangarawa yake yi lokaci guda, ya yashe ƙasar gona ya tafi da ita, shi ne jan da kake gani. Yashi da lakar da ya ɗauko kuma a cikin kogin suke zubewa, su cike masa ciki, ta yadda ruwan da da can zai wuce salin-alin yanzu sai ya haura gaɓa.

Masana ruwa sun ga wannan ƙuru-ƙuru a yankin Sahel, har abin ya ɗaure musu kai. A shekarun 1970 da 1980 an yi farin da ya rage ruwan sama da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a wasu wuraren ma fiye. Kowa ya ɗauka koguna za su ragu. Amma a 1987 wani masani Bafaranshe, Jean Albergel, ya nuna cewa a wasu ƙananan kwaruruka na Burkina Faso ruwan da ke gudu ƙaruwa ya yi. Daga baya aka ga haka a kogin Nakambe na Burkina Faso, da kuma kogunan Gorouol da Dargol da Sirba, waɗanda su ukun ke zuba a Kogin Neja kafin ya iso Yamai. Ruwan sama ya ragu, amma ƙasar ta daina sha, saboda haka rabon kogi ya ƙaru.

Yamai ta zama wurin da ake karanta wannan darasi, domin kogin yana cika sau biyu a shekara a can. Akwai jar cika ta watan Agusta da Satumba, ta ruwan da ya sauka a kusa. Akwai kuma baƙar cika ta lokacin sanyi, ta ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali. A da, baƙar ce babba. Yanzu jar ta sha gabanta a shekaru da yawa, kuma ita ce ta yi ɓarna a 2012 da 2020. Amma kogin nan dai shi ne ya tsaya cak a Yamai a watan Yunin 1985, saboda can sama, inda ƙasa ke da daji da danshi, fari ya zuƙe ajiyar ƙarƙashin ƙasa. Fari ɗaya, kogi ɗaya, amma kowane yanki da irin amsar da ya bayar.

Kada in rufe maka wani abu da ya saɓa wa wannan. A kudu maso yammacin Nijar, inda ruwan da ya malala ba ya samun hanyar fita sai dai ya taru a tafkuna, share daji ya sa ruwan rijiyoyi ya hau da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007, domin ta gindin tafkunan yake nitsewa. Ke nan shimfiɗar ƙasar wuri ita ma tana da ta cewa.

Abin da zan ce ka duba, Baba, shi ne tsawon lokacin da kogin ke ɗauka kafin ya taso bayan an ɗauke ruwa, da kuma rijiyoyin da ke kusa da gaɓa. Idan a da sai an kwana kafin ya cika, yanzu kuma kafin mutum ya dawo daga gona ya batse, sannan rijiyoyin na ƙara zurfi, to maganar tana tudu, a gonaki da makiyayar da ke sama da ku.

TAMBAYA: Malam, a makaranta an koya mana cewa zafin duniya ya ƙaru da digiri ɗaya da ɗan wani abu. Ni dai na ga tsakanin safe da rana ma ana samun bambancin digiri goma. Ta yaya digiri ɗaya zai taɓa kogi?
Daga wata ɗaliba

AMSA: 'Yata, tambayarki ta mai tunani ce. Bambancin safe da rana zuwa yake ya wuce. Wanda ake magana a kai ƙari ne a kan kowace rana da kowane dare, shekara bayan shekara. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya sa shi a kusan digiri 1.1 idan aka gwada da ƙarshen ƙarni na 19.

Duk ƙarin digiri ɗaya yana sa iska ta iya riƙe ƙarin tururi da kusan kashi 7 cikin 100. Wannan yana cizo ta fuska biyu. Ranar da babu hadari, iskar ta fi ƙishirwa, tana zuƙe ƙasa da ganye da tafki fiye da da. Ranar da hadari ya haɗu kuma, abin da zai juye ya fi yawa, cikin ɗan lokaci. Ruwa mai ƙarfi irin wannan ko ƙasa mai lafiya ba ta iya shanye shi duka, balle faƙo. Saboda haka jimillar ruwan shekara na iya zama yadda take, amma ya sauka a kwanaki kaɗan, kogi ya samu ambaliya ya rasa na rani.

Ga wani lissafi da nake so ki riƙe. A ce wani wuri yana samun milimita 800 a shekara, 700 su koma sama, 100 su shiga kogi. Sai ruwan ya ragu da kashi 10, ya koma 720. Tsirrai da rana ba za su yafe rabonsu ba, sai dai su ɗan rage, a ce su ɗauki 660. Abin da ya rage wa kogi 60 ne. Sama ta rage kashi 10, kogi ya yi asarar kashi 40. Alƙaluman nan na misali ne, amma abin ya faru a zahiri. A kudu maso yammacin Ostareliya ruwan sama ya ragu da kashi 15 zuwa 20 tun daga tsakiyar shekarun 1970, ruwan da ke shiga madatsun birnin Perth kuwa ya ragu da fiye da rabi. A 2006 sai da birnin ya fara tace ruwan teku domin sha.

A ƙasashe masu sanyi akwai wata ajiyar daban, wato dusar ƙanƙara da ke taruwa a kan tsaunuka da hunturu, ta narke a hankali idan zafi ya shigo. Ɗumama na sa ta narke da wuri, ko ma ta sauko a matsayin ruwa tun farko. Kogin Kolorado na Amurka, wanda kusan mutum miliyan 40 ke dogaro da shi, ya ragu da kusan kashi 20 tun daga 2000 idan aka gwada da ƙarnin da ya wuce, kuma wani bincike na 2020 ya ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri ɗaya yana cinye kusan kashi 9 na ruwansa. Abin takaici, yarjejeniyar raba ruwan da jihohi bakwai suka ƙulla a 1922 an gina ta ne a kan wasu shekaru masu yalwa, sai aka raba abin da kogin ba ya da shi. Koguna irin Indus, masu sha daga daskararriyar ƙanƙarar tsaunuka, nasu ya fi yaudara: yayin da ƙanƙarar ke narkewa ruwa zai ƙaru na wani zamani, sai ajiyar ta yi ƙasa sannan ya faɗi.

Ko manyan koguna ba su tsira ba. A Manaus ta ƙasar Brazil ana auna kogin Negro tun 1902, kuma ba a taɓa ganin ya yi ƙasa kamar yadda ya yi a Oktoban 2023 ba. Shekara na zagayowa, ya ƙara yin ƙasa da haka.

TAMBAYA: Malam, ƙungiyarmu na shirin dasa itatuwa masu yawa a saman wani rafi da ke neman mutuwa. An ce mana itace na jawo ruwa. Rafin zai dawo?
Daga wata shugabar ƙungiyar mata

AMSA: Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma ki tsaya ki ji wannan kafin a sayi irin dashe. Itace ma mashayin ruwa ne, kuma babban mashayi.

An gwada wannan sau da yawa. Yadda ake yi shi ne a samu ƙananan kwaruruka biyu maƙwabta, a yi shekaru ana auna ruwansu, sannan a sare dajin ɗaya a bar ɗaya. A dajin Hubbard Brook na Amurka an sare wani kwari a hunturun 1965 zuwa 1966, ruwan rafin ya ƙaru da kusan kashi 40 a shekarar farko. A 1982 wasu masana biyu, Bosch da Hewlett, suka tattara sakamakon irin wannan gwaji guda 94, kusan duk bakinsu ɗaya: rage daji na ƙara jimillar ruwan rafi, ƙara daji na rage ta. A Afirka ta Kudu an dasa itacen turare a wani kwari da a da ciyawa ce, cikin shekara 9 rafin ya ƙafe gaba ɗaya. Shi ya sa dokar ruwa ta ƙasar ta 1998 ta sa noman itatuwan katako cikin ayyukan da ke rage ruwan kogi, sai da lasisi. Tun 1995 ma suna da shirin ɗaukar marasa aikin yi su sare baƙin itatuwan da suka mamaye bakin rafuka.

Ƙasar Sin ta ɗanɗana ɓangarorin biyu. Daga 1999 ta mayar da gonakin gangare masu ɗimbin yawa daji da ciyawa a tuddan da ke zuba wa Rawayen Kogi ruwa. Lakar da kogin ke ɗauka, wadda a da ta kai kusan tan biliyan 1.6 a shekara, yanzu ba ta kai kwata ba, kodayake madatsu da gyaran gangare su ma sun taimaka. Amma ruwan da ke gangarowa ya ragu, kuma a wasu wuraren itatuwan sun busar da ƙasar da ke ƙarƙashinsu.

To kada a dasa ke nan? A'a. Jimillar ruwa daban, lokacin zuwansa daban. Wanda ke bakin rafi bai damu da yawan abin da ya wuce shi a dare ɗaya cikin Agusta ba, na watan Maris yake nema. A kan ƙasar da ta riga ta lalace, itace na iya sake buɗe ƙofofin da suka toshe, ribar nitsewar ta fi abin da yake sha. Wani bincike da aka buga a 2016, wanda aka yi a gonakin kaɗanya na Burkina Faso, ya gano cewa ruwa ya fi isa ƙarƙashin ƙasa inda itatuwa ke warwatse daidai wa daida, fiye da fili fetal, kuma fiye da kurmi mai duhu. Manyan dazuzzuka irin Amazon kuma suna da wani aikin: tururin da suke fitarwa iska ke ɗauka ya sake sauka a gaba, don haka sare su da yawa na iya rage ruwan saman wasu wurare masu nisa. Wannan aikin na ƙasa da ƙasa ne, ya fi ƙarfin dashen ƙungiya ɗaya.

Shawarata ita ce ku fara da ƙasar. Jera duwatsu a gicciye da gangare, haƙa ramuka masu siffar rabin wata, barin kara a gona, hana kiwo na ɗan lokaci inda ya zama faƙo. Ku raini kututturan da ke tohowa da kansu, domin sun san wurin. In za ku dasa, ku zaɓi itatuwan da yankin ya saba da su, ku ba su tazara, ku nisantar da masu saurin girma irin turare daga idon ruwa. Sannan ku yi haƙuri, ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya dawowa a damina ɗaya.

TAMBAYA: Unguwarmu ba ta taɓa sanin ambaliya ba sai da gari ya bunƙasa. Hukuma ta ce sauyin yanayi ne. Haka ne?
Daga wani magidanci

AMSA: Ɗan'uwa, mai yiwuwa yana da hannu, amma ni ba na son yadda kalmar nan ta zama mafakar duk wanda bai yi aikinsa ba. Kwanon rufi da siminti da kwalta ba sa shan ruwa ko ɗigo. A fili mai ciyawa da itace, kusan kashi 10 ne na ruwan sama ke malala; a tsakiyar gari da aka shafe da gini yana iya wuce rabi, kuma kwatoci na kai shi rafi cikin mintuna. Ka haɗa da fadamar da aka cike aka yanka filaye, da kwalbatin da aka yi daidai da garin da, da sharar da ta toshe shi. Ka tambayi dattawan unguwa inda ruwa ke kwanciya kafin a yi gine-gine. Galibi za ka tarar yanzu akwai gidaje a wurin.

TAMBAYA: Malam, ina jin ana cewa tafkin Chadi da tekun Aral sun ƙafe. Dalilinsu ɗaya ne? Kuma mutum na iya shanye kogi sukutum?
Daga wani malamin makaranta

AMSA: Malam, ana yawan jera su tare, amma labarinsu ya bambanta. Aral, a tsakiyar Asiya, ya kai murabba'in kilomita kusan 68,000 a 1960, shi ne tafki na huɗu a girma a duniya. Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan da ke ciyar da shi, Amu Darya da Syr Darya, zuwa gonakin auduga, ya yi ta janyewa har jiragen kamun kifi suka rage a kan yashi. Wannan aikin hannu ne tsantsa. Shaida kuwa ita ce da Kazakistan ta gina madatsar Kok-Aral a 2005, ɓangaren arewa ya sake cika, kifi ya dawo.

Tafkin Chadi ya sauko daga murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980. Kusan kashi 90 na ruwan da koguna ke kawo masa daga Chari da Logone yake fitowa, kuma babban abin da ya karya su shi ne farin shekarun nan. Tafkin ba shi da zurfi, don haka ɗan ragi a ruwa kan janye gaɓa da nisan gaske. Da damina ta ɗan gyaru daga baya, ya farfaɗo gwargwado.

Shanye kogi kuwa ana yi. Kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba a duniya ban ruwan gonaki yake tafiya. Wani ɗiban ana ganinsa, ta madatsa da hanyoyin ruwa. Wani ba a gani, shi ne na rijiyoyin burtsatse da ke kusa da gaɓa, waɗanda ke tare ruwan ƙarƙashin ƙasa kafin ya tsattsafo cikin kogi. Mai injin zai rantse bai taɓa kogi ba, alhali ruwan ranin kogin yake sha. Madatsa ita ma, ko ba ta rage jimilla sosai ba, tana sauya kalandar kogi: ta riƙe cikar damina da masunta da masu noman fadama na ƙasa ke jira, ta saki ruwa lokacin da injin lantarki ko gonar ban ruwa ke so.

Rawayen Kogi ya kai matuƙa a 1997, inda ya yi kwana 226 bai isa teku ba, saboda kowane lardi na sama yana ɗibar iya ƙarfinsa a shekarar fari. Daga 1999 aka ɗora rabon ruwan a hannun hukuma ɗaya, aka yanka wa kowane lardi kasonsa, aka sa ido a kan ƙofofin ɗiba, aka kuma riƙa sakin ruwa daga madatsu domin wutsiyar kogin. Tun daga wannan shekarar bai sake yankewa ba.